Daren da Kowa Ya Zama Ya'u

A Fadikpe, in aka gan ka da kwamfuta a jakar goyo sau biyu, sunanka ya zama Injiniya. Haka na sami nawa, tun ina zirga-zirgar Gidan Kwano a kan hanyar Bida, inda na yi karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Maƙwabta su kawo mini fanka, su kawo rediyo, su kawo wayar da ta faɗa cikin miyar kuka. In na ce ni manhaja nake rubutawa, sai su ce, "To ai duk wuta ce."

Abin da nake taƙama da shi a lokacin wani ɗan fayil ne da na rubuta da PHP, harshen nan da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Aikinsa aike ne kawai. Mutum ya cika shafi a waya ko kwamfuta, shi kuma ya ɗauki saƙon ya kai rumbun bayanai na MySQL da ke kan sabar, ya adana, ko ya nemo, ko ya gyara, ko ya goge. Har suna na raɗa masa: Ɗan Aike. Sau ɗaya na rubuta shi, amma sau uku na ci kuɗinsa. Wata makaranta mai zaman kanta a unguwarmu tana rajistar ɗalibai da shi, wata Hajiya mai kemis wajen Kpakungu tana rubuta masu cin bashi, wasu 'yan adashe masu sayar da doya suna lissafin zubi. Kowa da rumbunsa, amma fayil ɗaya suke ja a sabar ɗaya. Nakan ce wa abokai guga ɗaya ne, rijiya uku. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da zai faru ba ranar da gugan ya huje.

Ranar wata Litinin hedimasta ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, na'urarka tana nuna wariya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta san kowa ba."

Ya ce, "To zo ka gani."

Na je na gani. 'Ya'yan Nufawa sun shiga rajista, na Gwarawa sun shiga, na Yarbawa da Ibo duk suna nan lafiya lau, haka su Musa da Zainabu. Amma duk wata A'isha babu ita. Babu Sa'adatu, babu Mu'azu, babu Rabi'u, babu Isma'ilu. Abin haushin, duk sanda akawu ya rubuta sunan ya danna, sai shafin ya yi kore shar ya ce "An adana." Malamin Larabci ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce in ban damu ba akwai wanda ya sani a Bosso, ya iya ruƙiyya.

Kwana uku na yi ina ɗora laifi a kan duk wanda ba ya nan. Na ce intanet ce. Na ce sabar ce. Na ce wutar da ake ɗaukewa ce, wanda a Minna uzuri ne da ba ya tsufa, duk da a jiharmu madatsar Kainji take, wadda aka gama a 1968, ga Shiroro tun 1990, ga Zungeru ta zo daga baya. A dare na uku, ina zaune a tabarma da fitilar caji, sauro na rabon gadona, na buɗe cikin Ɗan Aike ina bi layi-layi. Can ƙasa na tarar da aikin hannuna: na umarce shi cewa in rumbu ya yi ƙorafi, ya haɗiye, ya ce wa mutane an adana. Wato na yi renon yaron aiken da za a kora daga ƙofa ya dawo ya ce, "Sun ce sun gode."

Na buɗe masa baki. Nan take ya amayar da kuskure mai lamba 1064, wanda ke nufin jimlar da aka aiko wa rumbu ba ta da kai ba ta da gindi.

Mai laifin alhamza ce. A harshen SQL da ake yi wa rumbu magana, wannan 'yar alamar da muke ratayawa a tsakiyar Mu'azu ita ce ƙofa: da ita ake buɗe rubutu, da ita ake rufe shi. Ni kuma, don lalaci, liƙa sunan nake yi kai tsaye a cikin jimlar umarni. Rumbu ya karanta "Mu", ya ga alhamza, ya ce suna ya ƙare, sai ya ci karo da wani "azu" tsaye a waje ba dangin iya ba na baba. Wani malaminmu ya taɓa shafe awa guda yana jan kunnenmu a kan wannan, domin ta wannan kafar ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin su kwashe rumbu ƙaf. Ranar ina kujerar baya ina lissafin kuɗin mota.

Gyaran farko da na yi irin na mai gaggawa ne: na ce Ɗan Aike ya cire alhamza daga kowane suna. A'isha ta shiga a matsayin Aisha, ba wanda ya yi magana. Sa'a ta koma Saa. Wani yaro ɗan aji uku, Ya'u, ya wayi gari sunansa Yau. Da takardar masu bashi ta fito, mai karɓar kuɗi ta karanta "Yau bai biya ba", ta dube ni ta ce, "Yau wa? Jiya fa, ya biya?" A wannan takardar kuma na lura Ɗanladi ya zama ?anladi, Ƙasimu ya zama ?asimu, kamar rumbun yana tambayar ko su waye, saboda na bar shi a tsarin latin1 wanda bai san harafi mai ƙugiya ba. Wannan na mayar da shi utf8mb4, na sake rubuta sunayen, aka wuce wurin.

Sai na ɗaura niyyar yin gyaran gaske, wanda PHP ta tanada tun 2005 a cikin PDO: a tura jimlar umarni daban da guraben da babu komai, a tura suna daban, yadda ko alhamza goma ce ba za ta taɓa ƙofa ba. Bayan sallar isha'i na zauna. Na sake rubuta sashen gyara, na canja wa ma'ajiyar sharaɗi suna don ta yi kyan gani, amma a layi ɗaya na bar tsohon sunan. PHP ba ta faɗa a kan irin wannan. Gargaɗi take yi ta ɗauka babu komai a ciki, gargaɗin kuma ni na kashe shi da hannuna tun bara. Shi kuwa Ɗan Aike, na koya masa cewa in babu sharaɗi, ya bar kalmar WHERE a gida, kalmar da ke gaya wa rumbu wane ne za a taɓa. MySQL tana da wani makulli da ke hana irin wannan gyara na kan mai uwa da wabi. Ban kunna ba.

Kuma ban gwada a kwafi ba. A rumbun makaranta na gaske na gwada, don in mayar wa yaron nan haƙƙinsa. Na rubuta Ya'u, na danna. Alhamza ta zauna daram! Na miƙe na yi 'yar rawa ni kaɗai. Sannan na buɗe jerin ɗalibai.

Ya'u. Ya'u. Ya'u. Aji ɗaya Ya'u, aji shida Ya'u, 'yan mata Ya'u, ɗan fasto Ya'u, ɗalibai 312 babu wanda ya tsira, kowanne da alhamzarsa tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Zufar da ta keto mini ba ta zafin Minna ba ce.

Na ce ba komai, ina da kwafin ajiya a filashi. Na tashi ƙanena daga barci na tambaye shi ina filashin nan baƙi. Ya ce, "Yaya, wanda ba komai a ciki sai wani fayil da ba ya buɗuwa? Na goge na zuba finafinai."

Washegari da sassafe na isa ofishin hedimasta da hulata a hannu. Ya saurare ni har na gama, bai ce uffan ba, ya jawo durowa ya fito da tsohuwar rajistar nan mai baƙin bango, wadda ranar da na kawo manhaja na ce masa ta zama kayan tarihi. Ya hure ƙurar da ke kanta a hankali, ta wajen da nake tsaye. Allah ya taimake ni lambobin shiga ba su taɓu ba, don haka shi yana karanto lamba da suna, ni ina bugawa, har la'asar. Duk sanda muka iso mai alhamza sai ya dakata ya ce, "Injiniya, a hankali, ga 'yar ƙofar nan."

Muna kan ɗalibi na 200 da wani abu waya ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Ɗan nan, me ka yi wa littafin bashina?"

Sai a lokacin na tuna guga ɗaya ne. Kemis ba ya rufewa sai goma ta wuce, kuma a 'yan mintocin nan da nake rawa, yaron shagonta ya rage wa wani mutum bashi, saura naira 350. Yanzu duk wanda Hajiya ke bi, naira 350 take bin sa, har da wani mai gidan burodi da ya kwashi maganin hawan jini na wata huɗu. Na ce, "Hajiya, kina da littafi na takarda?" Ta ce, "Ba kai ka ce in daina ba?"

'Yan adashe kaɗai suka tsira, don ma'ajinsu bai taɓa yarda da ni ba, ranar Juma'a kawai yake buɗe shafin, shi ma bayan ya gama rubutawa a littafinsa.

Yaran makarantar yanzu Injiniya Ya'u suke ce mini, in na wuce su haɗa baki. Mai gidan burodin kuwa, tun daga makon nan, ko daga tsallaken titi ya hango ni sai ya ɗago hannu biyu ya gaishe ni, ran nan har ya aiko mini da burodi mai zafi guda biyu.