Kowane Ɗaki da Fitilarsa da Kiɗansa

A gidan yawa, bayan sallar isha'i, ba sai ka tambayi kowa yadda ya wuni ba. Hasken da ke fitowa ta ƙasan labule da sautin da ke biye da shi sun isa su ba ka labari.

Amarya ce a kan gaba. Tun ranar jere ƙawaye suka liƙa mata igiyar ƙananan fitilu a gefen silin, masu rimot: yanzu shuɗi, an jima ja, can kuma kore. Ta zuba turaren wuta a kasko, ta saki Hamisu Breaker ƙasa-ƙasa, don tun da "Jaruma" ta fito a 2020 matan aure suka yi ta taka rawa a gaban mazajensu, ita ma ba za a bar ta a baya ba. Ango ya shigo da yunwa, hayaƙi ya turnuƙe, shuɗin haske ya mai da tuwon shinkafa kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Yana laluben nama a miya da yatsa. Ba halin ya ce a kunna farin ƙwai, sai a ce bai waye ba.

Uwargida kuwa ba ruwanta da launi. Ƙwai ɗaya ne, fari tas, ƙofa a wangale, sifika a bakin taga, bakinta na kallon ɗakin amarya. Barmani Choge ta rasu tun 2013, Allah ya jiƙanta, amma har yau ita ke yi wa uwargida aikin habaici ba tare da an biya ta ko kwabo ba. Da an zo baitin da ya dace sai a ƙara sauti, a mayar da shi baya, a sake. In maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, a rage mana," sai ta ɗago ido a sanyaye: "Alhaji, waƙa ce fa. Ni na rera?" Abin mamaki, ranar girkinta sifikar nan ba ta san komai ba sai karatun Alƙur'ani, shi ma a hankali. Ni dai a duk gidan ban ga wanda ya kai ta sanin aikin sauti ba.

Shi Alhaji duhu yake so, wai ya fi kwantar da hankali. Gaskiyar magana, tun da aka sa mitar kati ya zama mai gadin ƙwai. Tocila a aljihu, yana zagaye yana tambayar wa ya bar na banɗaki a kunne. In ya gama sintiri sai ya miƙe a tabarma ya sa Bakandamiyar Shata, kalangu na tashi yana kaɗa babban yatsan ƙafa, yana shaida wa yara cewa tun da Shata ya rasu a 1999 ba a sake yin waƙa ba.

Saurayin shagon ƙofar gida fitilarsa juyawa take yi, tana watsa ɗigo-ɗigo a bango da kan katifa. Duk lokacin da ya kunna sifikarsa ta Bluetooth, sai wata mata ta yi shela da Turanci, layi kaf ya san ya dawo. A yaba masa abu ɗaya: ladan na ɗaga murya yake kashewa.

Kaka na nan da fitilar ƙwai da rediyonta mai batir. An sa mata sola, ta ce hasken na sa mata ciwon kai.

Sai maƙwabci mai ƙaramin janareta, wanda ya ajiye shi daidai jikin katangarku. Ana ɗauke wuta zai ja igiya, shuɗin amarya ya mutu, Barmani ta yi shiru, kowa ya koma sauraron kiɗan janareta har ƙarfe biyun dare. Da safe kuma ya tare ka a masallaci yana tambaya ko kun tashi lafiya.