Zuwa Ga Taubashina Bahago, Sabon Masaƙin Mai Wurno

Bahago, bawan gidanmu, ina gaisuwa, ko da yake kai ɗan mace kai ya kamata ka tako ka gaishe ni. Labari ya iske ni har Wad Madani cewa ka jingine fartanya ka ɗauki kwarashi, wai za ka saƙa wa kanka tagiya kafin sanyi ya kankama. Da farko ban yarda ba, don na san mutanen Mai Wurno da ƙarin gishiri. Sai ga abin da ka saƙa an kawo mini a ƙunshe cikin leda, a ɓoye, kamar kayan sata.

Na juya ta, na sake juyawa. Tsakiyarta ta yi tsini, bakinta kuma ya tattare ya yi ta kaɗa kunne. Ko yarinyar da ta fara riƙe kwarashi jiya ta san daga tsakiyar kai ake fara hula, a yi ɗan zobe, kowane zagaye a ƙara ido bisa lissafi har faɗin ya kai, sannan a daina ƙari a gangaro. In ƙarin ya yi kaɗan sai ta tsuke ta yi tsini, in ya yi yawa sai ta tattare. Mutane kan faɗa ɗaya daga cikin ramukan nan biyu. Kai da yake Allah ya yi ka da zuciya, ka faɗa duka biyun a hula ɗaya. Amma abin da ya kwantar da ni da dariya shi ne sunan garinmu da ka so ka fitar da shuɗin zare a gefe. Ka haddace lissafin na-dama, fari uku shuɗi biyu, alhali hannunka wata hanya yake bi, sai rubutun ya fito a birkice. Sai da jikata ta kai hular gaban madubi sannan muka gane Mai Wurno ake nufi.

Na san abin da za ka ce, don tun muna yara waƙarka ke nan: duniya ta 'yan dama ce. A nan kam ba ka yi ƙarya ba. A cikin kowane mutum goma kusan ɗaya bahago ne, amma almakashin da ke kasuwar Sinnar kaf an ƙera shi ne don sauran taran. In ka riƙe shi da hagu sai bakin ya buɗe, ya tauna zaren maimakon ya yanke. Na kuma tuna yadda aka yi ta buge maka hannu a bakin akushi har ka koyi cin kisra da dama, da yadda malamin allo ya ƙwace alƙalami daga hagunka ya danƙa maka a dama. Ci da gaisuwa da rubutu an ci ka da yaƙi. Saura duk, jifa da sara da daka, hagun ta riƙe kayanta. Saƙa ma haka take: mai dama yana tafiya daga dama zuwa hagu, kai kana tafiya daga hagu zuwa dama. Wato mu ajami muke saƙawa, kai boko.

To amma tsaya in tambaye ka. Auduga ta taɓa tambayarka da wane hannu za ka cire ta? Kakanninmu sun baro ƙasar Sakkwato bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka yo gabas da niyyar Makka, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. Ba a yi shekara ashirin cikakku ba Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya bi magudanai ya shiga Jazira, aka shiga neman hannuwan da za su cire auduga. Hannuwan namu ne. Kakanka ya cira, babanka ya cira, kai ma ka kwana a kambo, sansanin 'yan ƙwadago, ka cira, daga Janairu har zafi ya shigo. Ba mai gona ɗaya da ya taɓa dawo maka da kwando ya ce wannan cirar bahago ce. A kan sikeli ma kai kake gaba, don mu hannu ɗaya muke da shi da ɗan rakiya, kai kuwa dukan da ka sha ya bar ka da biyu.

Audugar nan a zamanin kakanni jirgin ƙasa ke kwasarta zuwa Port Sudan, ta haye teku zuwa masaƙun Lankasha, ta dawo mana a yadi mu saya da tsada. Zuri'a uku muna cira muna miƙawa. Ranar da aka ce wani namiji a gidanmu ya zauna zai mai da zare sutura da hannunsa, sai aka duba aka ga kai ne. Allah mai iko.

Yanzu bari in faɗa maka ainihin ciwonka, tunda likitan da ba ya karɓar kuɗi ba ya jin kunyar majinyaci. Hagunka lafiyarta lau. Girman kai ke damunka. An ba ni labarin yadda kake koyon: Hajiyarka na zaune kan tabarma da zarenta, kai kana gefe kan gadon angarib, rediyo a kunne wai labarai kake saurare, ido kuwa yana satar kallon yatsunta. Ta soka ta dama, ka juya abin a kanka, ka soka ta hagu, kafin ka jawo zaren ta yi ido biyar ta wuce. Wa ya taɓa koyon sana'a da wutsiyar ido?

Maganin kuwa tsofaffin mata sun san shi tun ba a haife mu ba. Bahaguwar yarinya ba a zaunar da ita kusa da mai koya mata. Gaba da gaba ake zama, gwiwa na taɓa gwiwa, damar malama ta fuskanci hagun ɗaliba. Abin da hannun can ya yi, hannun nan ya maimaita, ba juyi ba lissafi. Kafin gahawar jabana ta huce ka iya sarƙa. Amma ina! Wai kada 'yan majalisar bakin masallaci su ji an ce an gan ka gurfane gaban matarka tana cewa "ba haka ba, warware." To ai shekara nawa tana faɗa maka hakan a kan abubuwan da suka fi hula, ba ka mutu ba.

In kuma tsoronka a ce ka shiga aikin mata ne, kwantar da hankalinka. A ƙasar da muka fito mata ke gurza da shiɓa da kaɗi, amma galibin masaƙa maza ne, kuma har gobe a Kano za ka ga ƙato da gemu zaune a zaure yana ɗinkin hula. Aron sana'a ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne wannan da ke cikin ledata.

An ce da aka matsa maka da tsiya ka kare kanka da hujja biyu: a fagen dambe bahago ake tsoro, kuma ko a ɗawafi Ka'aba a hagu ake sa ta. Na yaba, wallahi, ban san kana da wannan karatun ba. Sai dai ɗan dambe gaban abokin karawarsa yake tsayawa, ba ya raɓewa gefe da rediyo. Wani abu kuma da ba ka sani ba: zare yana da murɗi, kuma yadda kake naɗa shi a kwarashi ko dai ya ƙara masa murɗin ko ya sassauta shi. In ka ga yana rabewa yana kama bakin ƙugiya, ba asiri aka yi maka ba, ka sake zare ko ka sake naɗi. Wannan kyauta na ba ka, kada ka ce 'yar namiji ba ta taɓa yi maka alheri ba.

Watan cika-ciki na tafe, tsintsiya na nan na jiranka a tsakar gidana. Bana ba kuɗin shara, dunƙulen farin zare biyu za ka samu, na auduga, ba ulun roba mai sa ƙaiƙayi ba. Ka kai wa Hajiya, ka kashe rediyo, ka sauko daga angarib. Hular farko na riƙe ta, na ga ta yi daidai da bakin tulun da ƙudaje suka addaba. Ta biyun kuwa in ka gama kada ka aiko mini. Ka sa ta ranar Juma'a ka shiga sahun gaba, inda duk Mai Wurno za su ga ƙeyarka.