Bashin Taki da Wayar Surukin Kawu

Kawuna dillalin hatsi ne a Funtua. Da damina yakan ba manoman Bakori, Ƙafur da Malumfashi takin zamani bashi, da kaka su biya da buhunan masara. Da ya ji na koyi Python, yaren kwamfutar nan da Guido van Rossum ɗan Holan ya fitar a 1991, sai ya ce in sa na'ura ta riƙa yi wa masu bashi tuni ta saƙon waya, ya huta da aiken yaro a babur.

Aikin ba wuya: a bi jerin sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda bai biya ba a tura masa saƙo. Hanya mai sauƙi ita ce "for manomi in manoma", wato ɗauko kowane manomi daga cikin manoma, in jerin ya ƙare ita ma ta tsaya da kanta. Mai son lamba a gefen suna kuwa, ga "enumerate" nan tun 2003. To amma Kawu biya na zai yi, ya kamata ya ga abin da zai ba shi tsoro. Sai na ɗauko "while", na naɗa wani "i" ya riƙa ƙirga daga sifili, ni kuma ina tura shi gaba da "i += 1".

A Python, gurbin da ka bari a farkon layi shi ke nuna layin a ƙarƙashin wa yake. Layin "i += 1" ɗin nawa ya zame ƙarƙashin waɗanda suka biya. In an biya, a wuce. In ba a biya ba, a tsaya nan ana ta aika saƙo har illa masha Allahu.

Mutum biyu na farko sun biya. Na uku mahaifin amaryar Kawu ne, dattijon da ko sunansa Kawu ba ya faɗa. Na kunna bayan isha'i, na tafi cin tuwo, abin bai tsaya ba sai da kuɗin saƙo ya ƙare.

Da hantsi sai ga dattijon daga Ƙafur, wayar ƙulle a leda.

"Alhaji, kwana wannan abu ya yi yana kuka. Jikana ya karanta mini. Na farko na ji, na biyu ma na ji. Sauran na mene ne?"

Kawu ya durƙusa tsakanin buhuna yana "Baba, a yi haƙuri," ido kuwa a kaina.

Bayan an sallami baƙo ya ce in nuna masa. Na rubuta hanyoyin biyu. Ya ɗora yatsa kan ta farko. "Wannan ko ni na gane, ga manomi, ga manoma. Shi wannan 'i' ɗin ɗan wane gari ne, kuma buhu nawa nake bin sa?"

Kunya ta sa ya yafe wa surukinsa bashin gaba ɗaya. Sannan ya jawo tsohon littafinsa, ya lashi yatsa, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta buhunan da sunana.