Daga Kalaba Zuwa Obudu, A Kan Takarda

Tun watan jiya ni da abokina muke tsara tafiyar buɗe ido daga Kalaba, bakin ruwa, zuwa duwatsun Obudu. Shi ne mai taswira, ni ne mai mota, wato shi ke mafarki, ni ke sayen mai.

A takardarsa komai sumul. Za mu sha shayi a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, a ƙunsa mana tsire, mu bi ta Akamkpa da Ugep, mu tsaya a Ikom mu jido ayaba kamar masu aurar da 'ya. Tafiyar ta haura kilomita 300, amma ya rubuta "awa huɗu" har da ja masa layi. Ban tanka ba. Bawan Allah bai taɓa bin bayan tirelar katako a inda damina ta cinye gefen titi ba.

Sai jerin kaya: kyamara, tabarau, malafa. Na ce, "Malam, ina rigar sanyi?" Ya ce, "Haba, a kudu?" Saman dutsen fa ya wuce mita 1,500, hazo ke kwana a can, hanyar hawansa kuma kwana kan kwana, kamar macijin da aka taka wa wutsiya.

Jiya na kai motar gareji. Bakanike ya leƙa birki, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko ina da iyali. Motar tana wurinsa har yanzu.