Awa Biyun da Ba Su da Uba

A Kano, yinin ma'aikaci yana da rami a tsakiya. Makarantar boko ta tashi ƙarfe biyu, Islamiyya ba ta buɗewa sai an yi la'asar, ofis kuwa ba ya sakin mutum kafin huɗu. A cikin wannan ramin nake zuba albashina shekara uku ke nan, kuma har yau ban ji ƙarar saukarsa ba.

Mun fara da kaka, kamar kowa. Kaka ba ta karɓar albashi, wannan gaskiya ne. Sai dai kafin wata ya mutu ka sayi goro, ka sayi man zafi, ka biya ɗan adaidaita sahu zuwa da dawowa, shi da tun cire tallafin mai a 2023 yake kallon fasinja kamar wanda ya ci masa bashi. Yaran kuma nan da nan suka gano cewa a gidan Hajiya doka ba ta kwana. Na ce, "Hajiya, don Allah a rage musu alewa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da na raina da rake da mazarƙwaila, haƙoranka nawa suka zube?" Na yi shiru, don biyu ne, kuma ta sani.

Daga nan muka koma lesin. Duk uban da ke biyan kuɗin lesin ya san abin da yake saya: inuwa ce da ƙofa mai kwaɗo. Amma wa zai faɗa? A taron iyaye da malamai sai ka ga mutum ya miƙe, ya gyara hula, yana tambayar wace manhaja ake bi, alhali ko wasan langa ake koyarwa zai biya, muddin ba a sako masa yara kafin huɗu ba. Wata rana na je ɗauka da wuri. Na tarar malamin, wanda yake tsaye tun bakwai da rabi, ya kifa kai a tebur, wani yaro kuma riƙe da takarda yana rubuta sunayen masu surutu. Ɗana ne na farko a jerin, an ja masa layi biyu. Na lallaɓa na fito, kada in tada bawan Allah.

Ga kuma Alhamis da Juma'a, ranakun hutun Islamiyya, da ramin ke zama rijiya gaba dubu. Nan ne uwargida ta ce a nemo 'yar aiki.

Dillaliya ta zo, aka shimfiɗa mata darduma, uwargida ta fara karanto sharuɗɗa: yarinya ta iya girki, ta iya wanki, ta iya duba aikin gida na makaranta, ba ta kallon fim, ba ta da saurayi, ba ta da yawan ci. Dillaliya ta ce, "Hajiya, wannan ai kishiya kike nema." Da aka zo kan kuɗi, matar da ta tura kuɗin anko uku a wata ɗaya ba tare da ta nemi ragi ba, ita ce ta shafe rabin awa tana ciniki a kan dubu biyu. Ni da nake cika baki a ofis cewa dubu 70 na mafi ƙarancin albashi ba ya kai kowa ko'ina, ina gefe ina taya ta da, "Inna, a dai duba, gari ya yi zafi."

Ranar Asabar aka kawo yarinyar da kayanta a leda. Shekararta goma sha ɗaya. Babbar 'yata goma. Kwana uku da zuwanta na dawo na same su a tsakar gida suna 'yar carafke, ƙaramin yana kan katanga, tukunya tana ƙauri. Na tsaya ina tunanin wa zan yi wa faɗa, mai rainon ko wadda ake raino, sai yarinyar ta ɗago ta tambaye ni ko ita ma za a saya mata jakar makaranta irin ta 'yata.

An saya. Yanzu yara huɗu nake biya wa lesin maimakon uku, Hajiya kaka ta ce a riƙa kai mata su duka ranar Alhamis, dillaliya kuma ba ta taɓa makara ba a ƙarshen wata.