Ire-iren Mutanen Teburin Foka

Foka, musamman nau'in Texas Hold'em da ake gasarsa a Las Vegas ta Amurka, wasa ne na kati 52. Ana raba wa kowa biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya: uku, sai ɗaya, sai ɗaya. A kowane zagaye ɗan wasa zai bi, ko ya ƙara kuɗi, ko ya zubar. Sauran dabarar duk tana ga sanin halin abokan zama, su kuwa kashi-kashi ne.

Akwai mai jiran gawon shanu, wanda ba ya shiga sai ya riƙe sarki biyu, abin da ke faɗo wa mutum sau ɗaya cikin rabo 221. Ranar da ya ƙara kuɗi kowa sai ya zubar, ya tashi da 'yan canji. Kishiyarsa shi ne mai "bari dai in gani", wanda ke bin kowane ƙari har katin ƙarshe. Ba a yi masa burga, domin burga sai ga mai tsoro.

Sai almajiran Chris Moneymaker, akantan da ya samu gurbi ta intanet ya cinye babbar gasar duniya a 2003, ya tafi da dala miliyan 2.5. Ana gane su da baƙin tabarau cikin dare, ga hannu yana rawa duk sanda kati ya yi kyau.

Wanda ya fi kowa yawa shi ne mai labarin rashin sa'a. Ba a taɓa cin sa da iyawa ba, kullum katin ƙarshe ne ya ci amanarsa. Yakan tare mutum a bakin ƙofa, ya riƙe masa hannun riga, ya faro daga kujerar da ya zauna, ya lissafo abin da kowa ya zuba, har da wanda ya yi tari kafin a buɗe na huɗu. In an ce masa an ji wannan jiya, sai ya ce ai wancan daban ne. Daren da sa'a ta ba shi tulin kuɗin da bai cancanta ba kuwa, ba ya cikin tarihi. Galibin masu rubuta bayanin halayen 'yan foka daga wannan rukuni suke fitowa.

Duk waɗannan ana zama da su lafiya. Mai jan rai ne ba a yafe wa. An zo buɗe kati, ya san babu mai kayar da shi, amma sai ya yi tagumi, ya yi ajiyar zuciya, ya bari abokin karawarsa ya miƙa hannu zai jawo tulin, sannan ya juya nasa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba dabara ba ce, tunda an gama zuba kuɗi, ko sisi ba zai ƙaru da shi ba. Wulaƙanci ne tsagwaronsa, kuma a wasan gida ba a sake gayyatarsa.