Taubashina Na Mayahi Da Takardar Awon Fushi

Kai Barkono, ɗan kawuna na bakin Gulbin Kaba, matso ka ji. Ashe Turawa sun daɗe da ƙera ma'aunin ciwonka! Tun 1957 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Buss da Durkee, suka tsara tambayoyi 75 don auna gaba da faɗa. A 1992 Buss ya haɗu da Perry suka fitar da wata takarda mai tambayoyi 29, suka kasa ta huɗu: saurin hannu, kaifin baki, tafasar zuciya, da ƙullatar mutane. Na rantse kamar a ƙofar gidanka suka shimfiɗa tabarma suka rubuta.

Inda gizo ke saƙar, mutum ne ke ba kansa maki, daga 1 zuwa 5. Kai da ka watsa itacen dara cikin rairayi don yaron maƙwabta ya cinye ka, hularka a karkace, jijiyar wuya a miƙe, na san za ka karɓi biro ka jera 1 daga sama har ƙasa, kana cewa, "Ni ai haƙurina ne ke cutata." Masu binciken kansu sun san mutane na yi wa halinsu kwalliya a takarda. Balle Bahaushe, wanda ko cikinsa na ci da wuta "ba komai" zai ce.

Shi kuwa wani masanin, Spielberger, a 1988, ya raba fushin da ake haɗiyewa da wanda ake amayarwa. Kai tun da aka haife ka me ka taɓa haɗiyewa in ban da fura?

To, kwantar da gaban rigarka, zan ba ka haƙƙinka. Ba ka da riƙo. Ka zage ni da hantsi, da azahar ka aiko mini da goriba. Masu yawan zargi da ƙullata su bincike ya fi dangantawa da ciwon zuciya, don haka taka za ta kai ka tsufa, mu ne dai za mu sha wuya.

Ina nan tafe daga Tasawa da takardu uku: ɗaya taka, ɗaya ta uwargida, ɗaya ta ɗan kabu-kabun da kuka yi sa-in-sa kan dala biyar. Da jakinka na riƙe biro, da na ƙara ta huɗu. In ka yage taka, an rubuta maka 5.